Hannun Atika, Sunan Jinaidu

Bakina ne ya jawo, ba zan ɓoye ba. Da na ci gaba da tsince shinkafata ranar nan na bar Malam da karatunsa, da wataƙila har yau Atika na nan Ƙofar Kware tare da ɗiyarta. Amma ni Hasana tun ina ƙarama ake ce mini ba a rufe tukunya a gabana ban leƙa ba, abin da na gani kuma sai na faɗa.

Shekarar da Arewa ta sami mulkin kai ne. Turawa sun fara ɗaure kaya, ana ta neman 'yan ƙasa da za a tura kwas su dawo su riƙe ofisoshi. Duk malamin makarantar da ke son a tura shi sai ya rubuto doguwar takarda a kan wata sana'a ta garinsu, a aika Kaduna a zaɓa. Shekarar da ta gabata wani ya kwashe littafin wani Bature ɗungurungum ya mayar Hausa ya ce nasa ne, aka gano can, aka dawo wa Sakkwato da kunyarta. Tun daga nan aka ce babu takardar da za ta fita sai an bincike ta, aka ɗora wa maigidana aikin. Sunansa kuwa ba zai fito daga bakina ba, ku yi haƙuri da Malam kawai. Shekara talatin da ɗaya ina gidansa ban taɓa kiran sunan ba, ko wani mai irin sunansa ne za a ambata sai dai in ce Mai Suna. Haka aka raine mu, mace ba ta faɗin sunan miji ko na ɗan fari.

Malam ba ya wasa da aikin. In ya dawo daga ofishin ilimi ya yi la'asar, sai ya shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakina, ya jera littattafai hagu da dama, na Turawa da na malamanmu na dauri, ya ɗauki takarda guda ya karanta ta da ƙarfi. Ya ce kunne ya fi ido kama ɓarawon rubutu, don in mutum ya ari bakin wani sai ka ji murya ta sauya. In ya ji hakan sai ya shiga buɗe littattafai har ya cafko wurin. In bai ji ba, ya kira mai takardar ya yi masa tambayoyi, sannan ya sa hannu ya buga hatimi.

Takardar Jinaidu ce ta riƙe shi kwana shida. Jinaidu malamin firamare ne, ɗan wani gidan fataken fatu a Ƙofar Kware, ya kuma yi rubutunsa ne kan fatar jar akuya: yadda ake sayenta a hannun mahauta, yadda ake shanya ta a inuwa kada rana ta ƙona ta, yadda majema ke jiƙa ta da toka da bagaruwa, da sunayen dillalan da suka riƙe sana'ar tun zamanin kakanni. Malam ya ce bai taɓa karanta takarda mai daɗinta ba. Ya duba littafi goma sha bai sami layi guda na aro ba. Abin da ya dame shi kawai, ya san Jinaidu tun yana ɗalibinsa, bai taɓa jin ya ɗinka magana haka ba.

Ina gefe da faifai ina saurare. Ni haihuwar Ƙofar Kware ce, dillalan nan duk na san su. Na ji an ambaci Mamman Ɗan Gurgu, an ambaci Bawa Mai Igiya, sai kuma aka ce Mai Suna na bakin kasuwa. Can gaba aka ce Mai Suna na Dundaye. Can kuma Mai Suna ɗan Sarkin Fawa. Sai dariya ta kuɓuce mini, na ce wa Malam ai mutanen nan uku kowanensu Lawwali ne sunansa, na san su sarai.

“Wagga takarda mace tar rubuta ta,” na ce, “kuma mijinta Lawwali na.”

Ban gama rufe baki ba gabana ya faɗi. Malam ya cire tabarau ya dube ni. Ni kuwa shinkafa ta tsaya mini a hannu, don na tuna wace ce matar Lawwali a gidan su Jinaidu.

Atika ce, ɗalibata. Ni ke koyar da matan unguwar a ajin yaƙi da jahilci, gida gida, da hantsi. Cikin duk matan da na koya wa babu wadda ta kama alƙalami kamarta. Mijinta Lawwali, yayan Jinaidu, shi ne ya riƙe fataucin gidan, bai kuwa san ko harafi ɗaya na boko ba. Da ciwo ya kwantar da shi, ya ga ba tashi zai yi ba, sai ya riƙa ba ta labarin sana'arsa tana rubutawa a littafin rubutu mai shuɗin bango, don ɗiyarsu Zainaba ta san ko waye ubanta in ta girma. Ni na sayo mata littafin da hannuna. Ya rasu, ta yi takaba ta fita, ta ƙi komawa gidansu a Gwadabawa, don ta san in ta tafi yarinyar ba za ta bi ta ba, ɗa na gidan uba ne. Ta zauna a ɗakinta tana yi wa gidan daka da wanki, ba ta ɗaga murya, duk don ta kwana da 'yar shekara biyar ɗin nan a gefenta.

Na yi ƙoƙarin haɗiye maganata. Na ce wa Malam wasa nake yi, mai yiwuwa laƙabi ne, me tsohuwa ta sani a harkar takardu? Amma magana zarar bunu ce. Washegari ya kira Jinaidu ofis ya tambaye shi ko wane ne Mai Suna. Jinaidu ya ce wani dillali ne guda, tsoho, ya daɗe da mutuwa. Malam ya nuna masa wurare uku, mutum uku, unguwa uku, biyu ma suna raye. Jinaidu ya shiga kame-kame yana sharce gumi. Malam ya ba shi mako guda: ko ya kawo asalin rubutunsa ya amsa tambayoyi, ko ya rubuta sunan wanda ya karɓo daga wurinsa, ko ya janye takardar. Matsalar ita ce Jinaidu ya riga ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa babu hannun kowa a ciki, wanda aka kama da ƙarya kuma ba kwas kaɗai zai rasa ba, har aikinsa.

Ranar ban iya cin tuwo ba. Washegari da hantsi ya yi na yafa zane na nufi gidan, wai na zo aji.

Uwar gidan, Inna Lantana, mahaifiyar Jinaidu da marigayi, ita ta tare ni tun daga bakin turaka da fara'ar da ta fi ƙarfin gaisuwa. Ta ba ni tabarma ta ba ni goro, ta ce Atika ta daina karatu, aiki ya yi mata yawa. Ina zaune ina kallon ƙofar ɗakin Atika a rufe da asabari, Zainaba kuwa na zaune a ɗakin kakarta, ta rungume ƙafar gado tana shan yatsa. Ban taɓa ganin yarinyar nan nesa da zanen uwarta ba sai ranar. Na ce to bari in gaishe ta in wuce. Inna Lantana ba ta so ba, amma na girme ta da shekara biyu, ta rasa yadda za ta hana ni.

Atika na zaune a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Da ta ɗago sai na ga idanun sun yi luhu-luhu. Cikin raɗa ta gaya mini komai, tana yi tana kallon asabari. Wata uku da suka wuce ta buɗe adakarta ba ta ga littafin ba, ta zaci ɓera ne ko yarinyar, ta yi kuka ta haƙura. Jiya ta san inda ya tafi. Jinaidu ya dawo ya tsaya tsakar gida yana sababi, ya ce da gangan ta shuka masa tarko a cikin rubutun don ta tozarta shi, ita da ba ta ma san an ɗauka ba. Da yamma Inna ta shigo ta naɗe shimfiɗar Zainaba ta fita da ita, ta ce yarinya ta isa kwana wurin kaka. Ta ƙara da cewa gwaggon yarinyar ta Kano, wadda ke auren wani mai fataucin shanu, ta daɗe tana roƙon a ba ta riƙo, motar Kano kuwa duk Asabar tana tashi.

“Malama, in sunka kai ta Kano ƙaƙa za ni yi?” Atika ta ce. “Ko hanyar tasha ban sani ba.”

Na riƙe hannunta. Na so in ce mata ni ce na tona, na kasa. Tsoro na ji, wallahi, tsoron idonta.

Da na fito Inna Lantana ta raka ni zaure, nan ta zazzage mini hujjojinta ba tare da na tambaya ba. Ta ce wane irin sata kuma, abin gida ne ya koma hannun ɗan gida. Maganar da ke ciki ta Lawwali ce, Lawwali ɗanta ne, ƙane kuwa shi ke gadon wansa, har riga da takalmi balle magana. Ta ce Atika alƙalami kawai ta riƙe, ai ba a yaba wa ludayi daɗin fura. Ta ce in Jinaidu ya tafi kwas ya dawo babban ma'aikaci wa zai ci moriya in ba marainiyar nan ba? Mace kuma me za ta yi da suna a kan takarda, a kai sunan matar gida Kaduna ƙarti su riƙa karantawa? Na ce mata Allah ya sawwaƙe, na fito.

Kullum na koma sai na tarar abin ya ƙara lalacewa. Ranar Talata aka hana Zainaba shiga ɗakin uwarta ko da rana, in ta nufi can sai kakar ta daka mata tsawa. Atika na daka a tsakar gida tana jin kukan ɗiyarta a bayan bango, ba ta da ikon ajiye taɓarya. Ranar Laraba Jinaidu ya ɗauki hutu daga makaranta, ya sa kujera a ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan asabari, ya ce ta koya masa abin da ke cikin takardar don ya iya amsa wa Malam. Ɗan gidan fatu, bai san kwana nawa fata ke yi a ruwan bagaruwa ba! Tun yana yaro yake toshe hanci in ya bi ta majema, yana cewa shi ɗan boko ne. Ta faɗa ya maimaita, ya manta, ya zage ta ya ce ba ta iya bayani ba. In ya gaji sai ya sauya murya ya shiga lallashi, ya ce ta fahimta, ƙasa ce za ta karɓi kanta, in 'yan Sakkwato ba su hau kujerun nan ba wasu za su hau, shi ba don kansa yake yi ba.

Ranar Alhamis suka zo kan sunayen. Jinaidu ya kasa bambance wane Lawwali ne wane, ya miƙa mata fensir ya ce ta bi takardar, duk inda ta sa Mai Suna ta rubuta sunan sosai da laƙabinsa. Ta roƙe shi ya bari ta kwatanta masa shi ya rubuta. Ya ce ba shi da lokacin kunyar ƙauye. Inna Lantana ta fito da ɗan ƙunshin kayan Zainaba, zane biyu da 'yar tsana, ta ajiye a kan turmi inda Atika za ta gani. Atika ta ɗauki fensir. Ta ce mini bayan haka ji ta yi kamar ta yaye wa mijinta likkafani a bainar jama'a. Shekara bakwai da aure, shekara guda da rasuwa, sunan bai taɓa ratsa bakinta ko hannunta ba, ranar nan ta rubuta shi har sau tara. Jinaidu ya kwafe komai a wasu tsofaffin takardu da hannunsa, ya yamutsa su don su yi kama da asalin rubutu. Littafin mai shuɗin bango kuwa, Inna ta yayyage shi ta hura wutar tuwon yamma da shi, Atika ce ma aka sa ta tuƙa tuwon.

Na koma gida na durƙusa gaban Malam ina roƙo a kan aikinsa, abin da ban taɓa yi ba. Na gaya masa duk abin da na gani, na ce ya buga hatimin nan ya rufa wa baiwar Allah asiri. Ransa ya ɓaci. Ya ce amana aka ba shi, yaya zai sa hannunsa a kan ƙarya bayan ya san ƙarya ce? Ya ce shi ba hana Jinaidu kwas yake so ba, layi guda yake nema, a rubuta an karɓo daga wance matar wane, kamar yadda malamanmu ke yi tun fil azal, kowa ya faɗi wanda ya ba shi karatu. Na ce masa shi takarda yake gani, ni yarinya nake gani. Muka yi ta yi har na faɗa masa maganar da na yi nadama. Daga ƙarshe ya ce gobe Juma'a bayan an sauko zai je gidan da kansa ya ji daga bakin mai haƙƙi, in ta ce nata ne zai tsaya mata ko gaban alƙali ne. Malam mutumin kirki ne, amma bai taɓa zama bazawara a gidan surukai ba.

Haka aka yi. Malam da Jinaidu suna zaure, mu mata muna ta ciki, asabari ne tsakaninmu. Ni ina ganin kowa. Malam ya fara da tambayoyinsa, Jinaidu ya amsa tiryan-tiryan kamar mai biya hadda, har da Lawwali na bakin kasuwa da Lawwali na Dundaye, ya ce da can girmama marigayi yayansa ne ya sa bai rubuta sunan ba. Ya miƙa yamutsattsun takardunsa. Malam ya jujjuya su, ya ajiye, ya ce yana son magana da matar marigayi.

Aka kira Atika. Ta zo ta durƙusa bayan asabari, ta rufe kai har fuska. Inna Lantana ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna daidai gabanta, ta ɗora Zainaba a cinya tana tsefe mata kai, ƙunshin kayan na gefen ƙafarta. Ko fuska ba ta ɗaure ba. Gobe ce Asabar, kowa a wurin ya sani.

Malam ya yi mata gaisuwar rashi cikin natsuwa, ya ce kada ta ji tsoron kowa, Allah na tare da mai gaskiya. Sannan ya tambaya.

“Ɗiyata, labarin hwatun ga, ke kinka rubuta shi?”

Zainaba ta miƙo hannu wajen uwarta, kakar ta mayar da hannun a hankali ta ci gaba da tsifa. Atika ta ɗago kai. Ta dubi ɗiyarta, ta dubi ƙunshin, sai ta juyo ta dube ni, ni da na riƙe hannunta ta ja harafin farko.

“Baba, ni ban iya rubutu ba,” ta ce.

Malam ya sake tambaya, ya ce ai ya ji tana aji. Ta ce ta shiga amma kanta bai ɗauka ba, Malama na nan a tambaye ta. Malam ya kira ni ta bayan asabari ya ce haka ne? Jama'a, ɗalibar da na fi alfahari da ita a duk Sakkwato. Na buɗe baki na ce haka ne, ba ta da ƙoƙari.

A hanyar gida Malam na gaba ina baya, bai waiwayo ba. Ya san ƙarya muka yi masa mu biyu, ya kuma san dalili. Da muka isa ya zauna da takardar a gabansa har rana ta yi sanyi. Ya ce mai haƙƙi ta ce ba nata ba ne, shaida ta bi bayanta, littafi bai kama ba, shi kuma wane ne? Ya ɗauki alƙalami ya rubuta cewa ya bincika bai sami hannun kowa a ciki ba, ya buga hatimi. Hatimin ma a karkace ya fito. Na ce a raina ko ba komai yarinya ta tsira da uwarta.

Asabar ta wuce ba a kai Zainaba tasha ba. An mayar da shimfiɗarta ɗakin uwarta. Atika ta aiko mini da ƙwaryar fura, na kasa sha. Sati biyar suka yi tare.

Ranar da amsa ta zo daga Kaduna cewa takardar Jinaidu ce ta zo ta ɗaya a lardi, har za a buga ta littafi, gidan ya cika da 'yan barka. Kwana uku bayan nan Inna Lantana ta aika Gwadabawa aka kira wan Atika. Ta tarbe shi da girmamawa, ta ce sun gode da zaman da ƙanwarsa ta yi musu, amma mace mai sauran ƙuruciya ba ta zama gidan da ba mijinta, mutane sun fara magana, ga Jinaidu zai yi tafiya babu namiji a gida. Ta ce don mutuncinta suke yi. Yarinya kuwa ai ba sai an faɗa ba, tana gidan ubanta. Gaskiyar ita ce muddin Atika na cikin Sakkwato da hannunta da bakinta, Jinaidu ba zai yi barci ba.

Ina wurin aka fitar da adakarta. Ba ta yi kururuwa ba, ta dai durƙusa ta riƙe ƙafar Inna tana cewa ai ta yi duk abin da aka ce, ta rubuta, ta bari an ƙona littafin, ta yi ƙarya gaban malami, me ya rage? Inna ta ce ta tashi, abin kunya ne gaban baƙo. An riga an aika Zainaba gidan maƙwabta ta karɓo wuta, kafin ta dawo an fita da uwarta ta ƙofar baya. Yarinyar ta dawo riƙe da kasko, ta leƙa ɗaki ta ga wayam, ta tsaya tsakar gida da garwashin a hannu tana kiran uwarta har ya mutu.

Malam bai ƙara bincika takardar kowa ba, ya ce a ba wani. Bai zarge ni ba, ni ma ban zarge shi ba, amma tabarmar la'asar ɗin nan ba a sake shimfiɗa ta ba. Na aika wa Atika littafin rubutu sabo da fensir biyu ta hannun masu zuwa cin kasuwa, na ce ta rubuto wa ɗiyarta ko layi guda ne, ni zan karanta mata. Aka dawo mini da su yadda na naɗe. Saƙon da ta bayar shi ne a gaya wa Malama ita ba ta iya rubutu ba.

Shekarar da aka sami 'yancin kai littafin ya iso, ɗan siriri mai jan bango, da sunan Jinaidu rangaɗa-rangaɗa a gaba. Aka raba mana shi mu riƙa koyar da mata. Inna Lantana ta sa aka dawo da aji gidanta don a ji abin da ɗanta ya wallafa, ta sa Zainaba cikin masu karatu. Yarinyar ta gaji kan uwarta, wata huɗu ta fara haɗa baƙi. Wata rana tana bin shafi da yatsa ta tsaya cak. Sun yi gyara tara, ashe wuraren goma ne, guda ya tsallake musu, ya tsallake wa Kaduna, ya tsallake wa maɗaba'a.

“Malama, wane na Mai Suna?” ta tambaye ni.

Na ɗaga kai. Kakarta na zaune bakin ƙofa tana kaɗi, kunnenta na wurinmu. Na tuna motar Kano har yanzu tana tashi duk Asabar. Na ce mata wani dillali ne, ta wuce gaba.

Ana ta bikin cewa mun karɓi kayanmu daga hannun baƙi. To madalla. Amma ni na ga gidan da aka ƙwace wa mace maganar mijinta, aka ƙwace mata hannunta, aka ƙwace mata ɗiya, kuma babu baƙo ko ɗaya a ciki, duk 'yan gida ne masu salla, kowa da hujjarsa mai daɗin ji. An kafa mai bincike don kada a saci littafin Bature da ke can ƙasarsa bai san ana yi ba. Ya jera littattafai hagu da dama, ya duba kowane shafi. Wadda aka yi wa satar tana nan taku ɗari huɗu daga tabarmarsa, ba ta cikin kowane littafi, don haka ba a yi mata sata ba. Jinaidu na ofis yanzu, an ce shi ke yi wa matasa huɗuba kan gaskiya a aikin ilimi. Ni ma ban wanke kaina ba. Na yi magana ranar da ya kamata in yi shiru, na yi shiru duk ranakun da ya kamata in yi magana.

Inna Lantana ta riga mu gidan gaskiya bara, Malam ma haka, ni kuma ido ya fara hazo. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, zan ba wa mai amana ya kai miki gidan aurenki, Zainaba. Kin yi mini tambaya kina 'yar shekara shida na yi miki ƙarya. Buɗe littafin nan mai jan bango, shafi na goma sha huɗu, layi na uku daga ƙasa. Mai Suna ɗin nan sunan ubanki gare shi, wadda ta rubuta kuma kunyar ubanki ce ta hana ta faɗa. Baffanki bai taɓa jin kunyar sunan wansa ba. Don ke aka rubuta littafin, a bakin gadon mai jinya, da fensirin da ni na fiƙe. Ba gudu ta yi ta bar ki ba kamar yadda aka gaya miki. Tana Gwadabawa, tana raye, bayan masallacin Juma'a gidan wanta. Sunanta Atika, kuma ta iya rubutu.